Karkashin Baranda

Shekara tara da aurena, Hajiya, mahaifiyar mijina, ba ta taɓa ce mini na iya wani abu ba. Kada in ɗauki alhakinta, ba ta taɓa zagina ba kuma. Mace ce mai kawaici, 'yar Azare, wadda idan za a yi suna ko biki a unguwarsu ita ake roƙo ta zo ta tsaya a kan tukunyar miya. Ni kuwa a barikin soja na tashi, daga nan makarantar kwana, daga nan jami'a, tuwo ma sai da na yi aure na fara tuƙa shi da gaske. Ranar da na fara yi mata girki a gidanta, ta gutsura, ta tauna a hankali, ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Shi ke nan. Maganar nan ta biyo ni har Doha. Ina son matar nan ta yaba mini ko da sau ɗaya ne, kuma son ya yi mini yawa har ya sa na tafka wauta.

Da annobar korona ta rufe gari, muna hawa na huɗu a wani bene a unguwar Bin Mahmud, ni da maigida da 'yan matanmu biyu. Shi injiniya ne, aikinsu bai tsaya ba. Ni malamar lissafi ce, aka mayar da mu koyarwa ta kwamfuta, ina ta zuba bayani ga yaran da suka kashe kyamara suka koma barci. Ba ni da haƙuri, wannan kowa ya shaida. Na wanke labule sau biyu, na sake jera kwanuka, na yi faɗa da duk wanda ke gidan, na rasa inda zan sa kaina.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata dattijuwar Baturiya ce, wadda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Aikin mijinta ya ƙare a cikin annobar, za su koma ƙasarsu. Wata safiya ta ƙwanƙwasa mana, ta ja da baya har jikin bango, ta nuna mini wani dogon bokitin fenti da ta ajiye a ƙasa. A cikinsa akwai wani tsiro mai ganye biyar ko shida, dogaye masu faɗi kamar kunnen jaki, jikinsu duk gashi. Ta ce a ƙasarsu kwamfiri ake ce masa. Daga lambun mahaifiyarta ta zo da guntun saiwarsa, shekara huɗu tana kokawa da zafin Doha a kansa, ba za ta iya jefa shi a shara ba.

"Ki yanka ganyen ki jiƙa, babu takin da ya kai shi," in ji ta ta bayan takunkumi. "Idan wani ya yi targaɗe, ki daka ki ɗaura masa. Amma kada ki ci, kada ki dafa ki sha, kada ki ba kowa. A hankali yake cin hanta, mutum bai sani ba."

Ta ɗaga yatsa ta sake maimaita mini kada a ci. Na ce na ji. Na jawo bokitin zuwa baranda ina haki ina murna, ni da ko albasa ban taɓa shukawa ba.

Ba a daɗe ba zafi ya sauko, irin zafin nan da idan ka buɗe ƙofar baranda sai ya mare ka a fuska. Ganyen suka kwanta, suka yi baƙi ɗaya bayan ɗaya. Na zauna gaban bokitin na sha kuka, kukan da na san rabinsa na kulle ne da kewar gida. Sai na ja shi cikin falo, na ajiye kusa da taga inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke kaiwa, na tara roba a bakin bututun da na'urar ke ɗigar da ruwa, da shi nake yi masa ban ruwa. Maigida ya ce ciyawar nan ta fi shi gata a gidan. Kwana goma sha ɗaya ina leƙen ƙasa tsirara. A rana ta goma sha biyu wani ɗan kore ya turo kai. Ihun da na yi sai da yaran suka fito a guje, suna zaton gobara ce.

Daga nan na haukace. Da sanyi ya shigo na mayar da shi baranda, ganye ya riƙa fitowa ba ƙaƙƙautawa, in na yanke yau, bayan 'yan makonni ya dawo ya fi na da. Na gano cewa saiwarsa baƙa ce a waje, fara a ciki, kuma duk guntun da ya kai tsawon yatsa, in aka binne shi, sabon tsiro zai zama. A lokacin an sassauta kulle, mutane suna rububin manyan kantuna, ni kuwa Abu Hamour na sa aka kai ni, wajen masu sayar da furanni kusa da kasuwar kayan lambu. Na sayo tukwane masu zurfi, domin saiwar nan nutso take yi, ba ta son faɗi. Bokiti ɗaya ya zama tukwane bakwai. Na koyi sa safar hannu bayan gashin ganyen ya sa na yini ina susa. Da ya yi fure, 'yan ƙanana masu ruwan shuni suna sunkuyar da kai, har ƙudan zuma ya hauro hawa na huɗu, ni da ban san ma akwai shi a garin ba.

Takin kuwa, Baturiyar ba ta gaya mini warinsa ba. Na cusa ganye a bokiti, na zuba ruwa, na rufe na bar shi sati uku. Ranar da na buɗe, maigida yana shan shayi a falo, ya ajiye kofin ya tambaya ko masai ne ya fashe. Mutumin hawa na biyar ya leƙo yana toshe hanci, yana magana da yaren da ban sani ba amma na fahimta. Ban fasa ba. Nakan ɗebi gwangwani ɗaya in sirka da ruwa mai yawa in zuba wa tumatir da attaruhun da na ƙara shukawa. Tumatirin nan ya yi 'ya'ya har na riƙa aika wa matan 'yan uwanmu 'yan Nijeriya a leda.

Wata rana maigida ya je buga ƙwallo da abokan aikinsa, ya manta shekarunsa, ya dawo da idon sawu a kumbure. Kafin in ɗaura masa komai na kira wata likita 'yar Gombe da muke zumunci. Ta ce in dai targaɗe ne ba karaya ba, kuma fata ba ta fashe ba, in ɗaura na 'yan kwanaki in daina. Ban da buɗaɗɗen ciwo, ban da mai ciki ko mai shayarwa. Na tambaye ta batun ci, don ni ma ganyen nan kore shar yana ba ni sha'awa. Ta ce, "Ko ki tafasa shi yini guda, abin da ke lalata hanta yana nan a ciki. Kada ki kuskura." Sau biyu ke nan aka gaya mini, ba ni da wani uzuri.

Ina cikin daka ganyen a ɗan turmina, maigida yana kwance yana waya da Hajiya, irin wayar da ake ganin juna. Sai na ji ta ce, "Wa ke daka a gidanku?" Har da mamaki a muryarta. Ya miƙo mini wayar, ya ɗingisa ya tafi alwala. Na durƙusa na gaishe ta, don ko a waya ba na gaishe ta a tsaye. Ta ce in nuna mata turmin. Na ɗebo dakakken ganyen da yatsu, sai ga yauƙi ya biyo hannuna, ya miƙe bai tsinke ba.

Hajiya ta matso har hancinta ya cika wayar.

"Ke, sake ja in gani."

Na sake ja.

"Ikon Allah! Karkashi kuka samu a can?"

Duk Bahaushiyar da ta ga ɗanyen ganye yana yauƙi haka, miya za ta gani, ba wani abu ba. Balle Hajiya, wadda a miyar karkashi sunanta ya fita. Amsar gaskiya tana bakina. Amma ban taɓa ganin ta kalli abin da ke hannuna da irin wannan idon ba.

Na ce, "Kusan shi ne, Hajiya. Irin na ƙasar waje ne."

"Wa ya shuka?"

"Ni ce."

"Ke? A saman bene? A ƙasar da ba a ruwan sama?"

Na zagaya da wayar na nuna mata tukwanen. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Kai, yarinyar nan, ashe kina da hannu."

Da aka kashe wayar na shiga kicin na rufe ƙofa, na taka rawa ni kaɗai da taɓarya a hannu.

Daga ranar, duk kiran da za ta yi sai ta ce a ba ta ni, abin da ba ta taɓa yi ba. "Ya karkashina?" ita ce gaisuwarta. Ta ba duk unguwarsu labari. Da ta tambaye ni ko na yi miyar, na ce ina jira ta zo ta koya mini da hannunta, abin da ya ƙara mata daɗi. Maigida ya ɗauka sunan wasa ne. Da ya gane ba wasa ba ne ya ce, "Kin dai gaya mata ba a ci?" Na ce zan gaya mata. Na lallashi kaina da cewa tana Azare ina Doha, jirage ma da ƙyar suke tashi, ganyen barandata ba zai taɓa shiga tukunyarta ba. Haka muka yi kusan shekara biyu.

Sai gasar cin kofin duniya ta zo. Garin ya juye, tutoci a kowace kwana, jirgin ƙasa cike da mutane masu fenti a fuska, waƙa tun safe. Nijeriya ba ta samu zuwa ba, Hausawan Ghana suka hana mu sakat da tsiya, duk da haka murna nake kamar a gidanmu ake bikin. An yi wani kati da duk mai tikitin kallo zai shigo ƙasar da shi. Wata rana maigida ya shigo yana washe baki, ya ce ya yi wa Hajiya. Hajiyar da ke ce wa ƙwallo wasan marasa aikin yi! Na rangaɗa guɗa, kuma har zuciyata na yi ta. Sannan na juya na ga baranda, gabana ya faɗi.

Na kira ta na ce ta taho mana da busasshen karkashi na gida, mun yi kewarsa. Ta yi dariya. "Me zan yi da busasshe, ga ɗanye a gidan ɗana?" Ta zo da daddawa, da kanwa, da kifi banda, da maburginta da ta naɗe a zane. Karkashi kaɗai ta baro.

Daga filin jirgi, ko mayafi ba ta cire ba ta ce a kai ta baranda. Lokacin sanyi ne, ganyen ya yi kyan da bai taɓa yi ba, kamar da gangan. Ta tsinki ɗaya, ta murza, ta sansana, ta dubi yauƙin a yatsunta. Ta ce yana da ƙaiƙayi, amma da ya ji wuta da kanwa zai kwanta. Sannan ta dafa kafaɗata. Ina jin nauyin hannunta, na buɗe baki na ce ban daɗe da zuba masa taki ba, sai ya sha iska kwana biyar kafin a taɓa.

Kwanakin nan na cika su da yawo. Na kai ta bakin teku, na kai ta tsohuwar kasuwa, na sa ta a jirgin ƙasa marar direba, ta ƙi zama sai da ta je gaba ta tabbatar babu kowa. A cikin jirgin wasu samari 'yan Maroko suka tashi suka ba ta wuri, ɗaya ya sumbaci kanta yana kiranta uwa. Tun daga nan ta zama 'yar Maroko. Ranar da ɗanta ya kai ta filin wasa ta dawo da murya a dishe, tana ba ni labarin wani mai tsaron gida da Allah ya hore wa dogon hannu. Ban taɓa ganin ta haka ba, tana dariya, tana riƙe hannuna a cikin cunkoso. Daɗi ya ishe ni. Amma kowace safiya sai in gan ta tsaye a baranda tana duba ganye.

Akwai 'yan garin su Hajiya da ke aikin gadi da tuƙi, suna zaune a cunkushe a unguwar Fereej Abdel Aziz. A kwanakin gasar yini suke a tsaye suna nuna wa baƙi hanya. Da suka ji Hajiya ta zo, uku daga cikinsu suka zo gaishe ta, suka zube a ƙasa. Ta tambayi iyayensu ɗaya bayan ɗaya, ta ga yadda suka rame, sai ta ce ranar Juma'a bayan masallaci su taho da sauran, za ta yi musu tuwo da miyar ɗanyen karkashi.

"Ɗanye, Hajiya? A nan Doha?" in ji babbansu, wani direba mai furfura a gemu. "Wallahi shekara uku rabona da shi. Kalas, magana ta ƙare, Juma'a muna nan, ko kafil, uban gidana, zai kore ni."

"Surukata ce ta shuka," in ji Hajiya, ta nuna ni da haɓa.

Da suka tafi maigida ya same ni a kicin. Ya ce ko in gaya mata yau, ko shi ya gaya mata. Na roƙe shi ya bar ni, ina da dabara. Larabawa suna cin lalo, mulukiya suke ce masa, ana samun ɗanyensa a kasuwa. Zan fita da safe ranar Juma'a in sayo, in ce ƙwari sun shiga nawa ganyen, a yi miyar lalo a wuce wurin. Ya dube ni ya ce ƙarya ta uku ke nan zan ɗora a kan ta farko. Na ce na sani.

Ranar Juma'a na ce wa Hajiya cefane zan ƙaro. Na samu lalon a Abu Hamour, dami uku masu kyau. A dawowa aka tare hanyoyi saboda wasan ranar, mai tasi ya yi ta zagaye yana ce wa motocin gabansa yalla, yalla, ni ina duba agogo. Tafiyar awa ɗaya ta ci kusan uku. Maigida kuwa ya fita tun da wuri, zai ɗauko baƙin su wuce masallaci tare. Tun kafin in sa makulli na ji ƙanshin daddawa.

Barandar na fara hangowa daga falo. Tukwane bakwai, an aske su tas. A gefe an shanya wani ganyen a faifai, kusa da shi ga guntayen saiwa an ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma. Nan take na gane tsarabar Azare ce, za ta kai wa matan unguwa iri.

A kicin Hajiya tana tsaye a kan babbar tukunyata, ta ɗaure ɗankwali tamau, tana burga miya tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Hannayenta sun yi ja har gwiwa saboda gashin ganyen, ko a jikinta.

"Kin daɗe," in ji ta. "Na ga rana na yi, na ce bari in rage miki aiki. Zo ki ga yauƙi! Wallahi ko na gida bai kai shi ba."

Ta ɗaga ludayi, miyar ta biyo shi tana sheƙi. In faɗi gaskiya, ban taɓa ganin miya mai kyanta ba. Ta karkata ludayin za ta ɗiga a tafin hannunta ta lasa.

Na san lasa ɗaya ba za ta kayar da ita ba. Amma na tuna mazan da za su ci su nemi ƙari, na tuna 'ya'yana, na ga saiwar nan a bayan ɗakunan Azare ta yaɗu ba mai iya tumɓuke ta, ana miya da ita duk sati, ana ba mai jego, ana cewa irin surukar Hajiya ne. Ledar lalo tana hannuna, ƙaryar ƙwari tana bakina a shirye, amma ba ta da sauran amfani.

Na saki ledar na riƙe wuyan hannunta.

"Hajiya, kada ki lasa. Don Allah kada ki lasa. Ba karkashi ba ne. Ba a cinsa, hanta yake lalatawa."

Ta dubi hannuna da ke riƙe da nata, sannan ta dube ni. Na sake ta na durƙusa a ƙasa, na faɗi komai ina haɗa magana da kuka, tun daga Baturiya har abin da likita ta ce.

"Yaushe kika sani?"

"Tun ranar da aka ba ni."

"Kafin ranar da kika nuna mini turmi?"

"Kafin nan, Hajiya."

Ta kashe wuta. Ta daɗe tsaye tana kallon tukunyar, ga nama ga kifin da ta ɗauko tun daga gida duk a ciki. Na so ta yi faɗa, ta kira ni maƙaryaciya, ta ce in tashi mata daga gani. Sai kawai ta sa tsumma ta ɗauki tukunyar da kanta, ta hana ni taya ta, ta juye a bokitin taki da ke baranda. Ta zazzage faifan a kai, ta kwance ƙullin saiwar ta zuba. Da ta dawo ta nuna ledar da ke ƙasa.

"Mene ne a ciki?"

"Lalo ne."

"Tashi ki tsinke."

Ban taɓa aiki da sauri irin na ranar ba. Ina tsinka tana yanka, na ciro kaji daga firji, ta wanke tukunya da maburgi da sabulu har sau uku, ta ɗora sabon ruwa. Miyar ta kusa haɗuwa muka ji sallama, falo ya cika da muryoyin maza ana ta raha, direban nan yana cewa tun daga ƙasa hancinsa ya gaya masa yau ranar sa'a ce.

Hajiya ta goge hannu, ta yafa mayafi, ta tsaya a bakin ƙofar kicin.

"Ku yi haƙuri, 'ya'yana, yau lalo za ku ci," in ji ta. "Ganyen nan ashe ba na miya ba ne, na taki ne da ɗaurin targaɗe. Tsufa ya sa na ga yauƙi na ɗora tukunya ban tambaya ba. Da matar gidan ba ta shigo ta riƙe hannuna ba, da yau na cuce ku."

Aka yi ta salati, ana cewa Allah ya tsare gaba, ana sa mini albarka ta bayan ƙofa. Kunya ta kama ni. Hajiya ta rufe ƙofar ta dawo kan tukunya, ta ɗauki maburgi. Ba ta juyo ba ta fara magana, a hankali, yadda ba mai ji sai ni.

"Ganyen bai ba ni tsoro ba. Shekara goma sha ɗaya kina cikinmu, ina zaton kunyata kike ji, ashe tsorona kike ji. Har ki san zan ɗora guba a wuta, ki tafi kasuwa neman dabara."

Na ce, "Yabon da kika yi mini ne, Hajiya. Ban so ki karɓe shi ba."

Ta daina burgawa. "Wa ya ce zan karɓe? Shukar dai ke kika yi ta."

Ta ɗebo miyar lalon a ludayi ta juyo wajena.

"Buɗe hannunki. Ɗanɗana, ki gaya mini gaskiya."

Ta ɗiga mini a tafin hannu, na lasa. A falo ana jiran abinci, ga matar da duk Azare ba a taɓa gyara wa miya ba tana kallon bakina.

"Gishiri bai ji ba, Hajiya."

Ta ɗiga a nata hannun ta lasa, ta ɗan yamutsa fuska. Sai ta turo mini robar gishirin, ta matsa gefe ta ba ni gaban tukunya.